Taken Ɗantumbi

Wanda ya ba ni labarin nan ya ce a Rafin Kanya aka yi shi, ya kuma ce in na ga dama in yarda, in ban ga dama ba in bari, shi dai ba zai rage ko kalma ɗaya don ya faranta mini ba.

Wata ranar kasuwa mahautan garin suka kayar da wani baƙin sa. Da aka farke tumbinsa sai ga dutse a ciki, mulmulalle, ya ɗan fi goruba girma, kuma duk ruwan sanyin da aka zuba masa bai hana shi ɗumi ba. A al'adar mahautan nan, kowace dabba aka yanka akwai ɗan abin da ake cire wa makaɗinsu. Makaɗin nasu kuwa wani tsoho ne mai kalangu, ana ce masa Barmo.

Barmo ya yi zamani. Tun gashinsa na baƙi yake yi wa 'yan dambe kiɗa, kuma ko maƙiyinsa bai taɓa cewa bai iya ba. Sai dai akwai abin da ya ci masa rai. Zai tsinci yaro ba suna ba komai, ya ƙera masa take, wato kiɗan da in an buga kowa ya san wane ne zai shiga fili, ya yi ta zuga shi har sunan yaron ya kai birni. Daga nan shi ke nan, yaro ya koma wajen makaɗa masu lasifika, in sun haɗu da Barmo a hanya ɗaga hannu ne daga kan babur. Da abin ya ishe shi sai ya daina yi wa kowa sabon take. Ya koma kiɗan sanar da gari an yi yanka, a ba shi guntun huhu ya nufi ɗakinsa, inda ba mai jiransa tun rasuwar matarsa.

Sarkin Fawa Arzika, wanda ba ya ganin abin tsokana ya ƙyale, ya ɗauki dutsen ya miƙa masa. Ya ce, "Barmo, ga rabonka na yau. Ka dafa shi sosai, ka san haƙoran naka sun yi saura kaɗan."

Mahauta suka bushe da dariya. Barmo ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode, Sarki. Wannan dai ba zai yi wari kafin in isa gida ba, ba kamar na jiya ba."

Bai isa gida ba dutsen ya tsage a aljihunsa. Ya sa hannu ya fito da wata 'yar halitta wadda bai taɓa ganin irinta ba, ko a mafarkin zazzaɓi. Siffar ɗan maraƙi gare ta, amma ba ta kai ɗan kyanwa ba. Gashinta launin toka, kofatanta ja, kunnuwanta sun yi mata yawa har tana taka su, ga wani ɗan tozo a baya yana haske kamar garwashin da aka rufe da toka. Abin ya dube shi, ya yi atishawa, ya kwanta a tafin hannunsa ya kama barci. Barmo ya sa masa suna Ɗantumbi.

Ɗantumbi bai cin komai sai kanwa da gishiri, kuma sai a tafin hannun Barmo. Damina ta zo ta wuce, bai wuce girman kyanwa ba. A kafaɗar Barmo yake zuwa kasuwa, in an fara kiɗa ya diro ya yi ta tsalle yana tuntuɓe da kunnuwansa, yara su yi ta ihu. In gwiwar tsohon ta motsa, sai ya zo ya jingina tozonsa a wurin har ciwon ya lafa. Barmo ya so abin nan so mai tsanani, irin wanda dattijo ke jin kunyar faɗa. Mahauta suka yi ta cewa ya yi wa ɗan nasa take mana, yana cewa wanda ke kwana a aljihu me zai yi da take.

Ran nan da rana tsaka, kasuwa na ci, wani baƙo dogo ya tsaya a gaban rumfar mahauta. Ƙugunsa kewaye yake da ƙananan tanduna na fata, irin waɗanda ake zuba mai a ciki, kuma ba shi da inuwa. Bai yi sallama ba. Ya ciro tandu ɗaya ya jefi Ɗantumbi da shi. Wani jan hayaƙi ya tashi, tandun ya koma hannun baƙon da kansa, kafaɗar Barmo ta zama wayam. Barmo ya bi shi da gudu yana ihu, kalangu na dukan haƙarƙarinsa, har bayan kwata inda ake tara ƙahonin shanu. Baƙon ya kewaya bayan tulin ƙahonin, ba a sake ganinsa ba.

Barmo ya zube a ƙasa yana kuka da majina. Sai ya ji murya daga sama ta ce, "Ya kai ɗan Adam ma'abocin kiɗa, hawaye ba ya buɗe tandu."

Ya ɗaga kai, ya ga tsohuwar ungulun nan da ta daɗe tana zama a kan katangar kwata, wadda yakan jefa wa guntun hanji in mahauta sun kore ta. Tsoro ya kama shi, amma baƙin ciki ya fi tsoron ƙarfi. Ya ce, "Ranki ya daɗe, in kin san inda aka kai shi, don Allah ki faɗa mini."

Ta ce, "Na sani, domin ni na kai labarinsa. Ni baiwa ce ga Sarki Tarau na aljanu, mai tara halittu. Babu mai gashi ko mai ɓawo ko mai fiffike da ba ya son ya ga ya mallaki irinsa, ya kulle a tandu, ya fito da shi ranar wasa ya haɗa shi faɗa. Irin naka ne kaɗai ya rasa. In kana da ƙafar zuwa, ina da fiffiken nuna hanya. Ka riƙo kalangunka."

Ta sauko ta daki wani babban ƙaho da baki, ƙahon ya buɗe har ya zama kamar ƙofar zaure. Barmo ya yi bisimilla ya shiga. Suka yi ta tafiya a cikinsa, hanya na murɗewa tana ƙanƙancewa, har sai da ya koma rarrafe, sannan ya faɗo ta tsinin a wata ƙasa mai koren sama.

A bakin wani daji ungulu ta ce, "Wannan Dajin Shiru ne. Duk ƙarar da ka yi a cikinsa dutse take zama ta faɗo maka a ka. Tari tsakuwa ne, ihu dutsen niƙa." Ka ji masifa, a ce makaɗi ya yi shiru. Barmo ya tuɓe rigarsa ya naɗe kalangu, ya shiga yana sanɗa. Ko'ina ƙasusuwan waɗanda suka manta ne, kowane da dutsensa a kai. Sun kusa fita wani reshe ya ja rigar ya taɓa fatar kalangu, ta ce tum. Dutse kamar tukunyar miya ya sauko masa a kan yatsun ƙafa. Ya cusa hannu a baki ya cije har jini, bai ce uffan ba, ya fita yana ɗingishi.

Gaba suka iske kogi mai ruwa kamar narkakken kitse, yana tafasa. Wani kwaɗo ne ke fito a wurin, girmansa ya kai rumbu, fuskarsa kuwa ba a magana. Ya ce, "Ya kai baƙo, ba na ƙetarar da kowa sai ya yabe ni, kuma yabon da babu ƙarya a ciki. Wanda ya yi mini ƙarya, a tsakiyar ruwa nake juyewa."

Barmo ya dube shi sama da ƙasa, ya rasa inda yabo zai kama. Can ya ce, "Gaishe ka, mai faɗin baya. Kowa ya hau ka yana roƙo, kowa ya sauka bai waiwayo ba, kuma gobe ka dawo bakin ruwa."

Idanun kwaɗo suka kawo ruwa. Ya ce, "Hau. Wanda ya san wannan, an yi masa ne."

A ɗaya gaɓar suka shiga wani fili mai dogayen ciyayi, cike da halittu iri iri. Ga zomo mai ƙahon barewa, ga kifi mai tafiya da ƙafar kaza, ga wata mujiya da ganye ke tsiro a kanta. Mafarautan Tarau na bin su a guje suna jifa da tanduna, kowa na ihun ya sami wanda ɗan'uwansa ba shi da shi. Kafin ungulu ta yi magana wani ya jefi Barmo da tandu. Ya ji an murɗe shi kamar tsumma an cusa a rami. A cikin tandu babu haske, babu sama babu ƙasa, ba ka iya miƙe ƙafa, ba ka jin komai sai numfashinka, kuma ba ka sanin ko yanzu ka shiga ko tun bara. Da aka zazzage shi, mafarautan suka kewaye shi suna dubawa. Babbansu ya taɓe baki ya ce, "Ɗan Adam ne, tsoho ma. Muna da irinsa, ba sa faɗa sai surutu." Suka watse suka bar shi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne tunanin a irin wurin nan Ɗantumbi yake.

Birnin Tarau ba a gina ganuwarsa da ƙasa ba. Tanduna ne jere a kan juna har ido ya gaji, kuma in ka matsa kusa sai ka ji nishi na fitowa daga cikinsu. Aka shigar da Barmo fada. Sarki Tarau na zaune a kan ƙoƙon kan wata dabba, hannuwansa huɗu, kowane na shafa tandu.

Barmo ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, sarkin da ya tara abin da ba a taɓa tarawa ba. Ni talaka ne, abu ɗaya gare ni a duniya, kuma yana hannunka."

Tarau ya ce, "Ya kai ɗan Adam, ka yi magana da ladabi, za a amsa maka da shari'a. Dokarmu ta ce halittar da ta ci gishiri a tafin wani ba ta zama ta mai tandu sai an raba gardama a fili. Na ji ku mutanen dambe ne, to da dokarku za a yi. Turmi uku. Naka zai kara da gwarzona Haɗiyau. In naka ya faɗi, nawa ne har abada. In ya kayar, naka ne. In an tashi ba kisa, wato ba wanda ya kayar da wani, a ajiye shi a tsakiya, ya tafi wajen wanda yake so."

Ya buɗe tandu, Ɗantumbi ya faɗo yana layi. Da ya ga Barmo sai ya yi wata 'yar ƙara, ya ruga ya taka kunnensa ya wuntsila, ya tashi ya haye kafaɗarsa ya cusa kai a wuyansa. Barmo ya rungume shi.

A hanyar fili ungulu ta sauka kusa da kunnensa. Ta ce, "An aike ni in kawo ka, ba a aike ni in gargaɗe ka ba. Wannan gargaɗin nawa ne, saboda hanjin da ka jefa mini. Irin wannan halitta da yabo take girma. In aka yi mata take sau ɗaya, za ta rikiɗa ta yi ƙaho, amma za ta san mai ita. In aka sake, za ta zama abin da muke kira Girgizau, shi kuwa Girgizau bai san kowa ba, kuma ba ya komawa baya. Shi Tarau ke kwaɗayin gani. Makaɗansa sun gwada a kan wasu halittu, ba abin da ya motsa, domin yabonsu na tsoro ne. Sai wanda ke son abin da gaske. Shi ya sa aka ce ka riƙo kalangu. Naka ƙarami ne, yana da zulliya, Haɗiyau ba zai kama shi ba. Ka yi shiru turmi uku, ka ɗauki abinka ka tafi gida."

Barmo ya ce, "Shiru kawai? Ni da na ratsa Dajin Shiru da karyayyen yatsa?"

Ta ce, "A can ba mai kallonka."

Filin ya cika maƙil da aljanu, wasu a zaune, wasu a rataye a iska. Aka zazzage Haɗiyau daga tandunsa. Jikin kada gare shi, kan kura, wutsiyar kunama, tsawonsa ya kai jirgin fito. Makaɗan Tarau suka ɗauki takensa da manyan ganguna, fili ya ɗauki sowa. Sannan aka juyo ana kallon ɓangaren Barmo, aka yi tsit ana jira. Duk wanda ya san dambe ya san ba a shiga fili ba take. Ko ɗan dambe na ƙauyen da ba a san sunansa ba, akwai mai buga masa ko da gwangwani ne. Barmo ya ajiye Ɗantumbi a ƙasa, ya harɗe hannuwansa a ƙirji. Ɗan abin ya shiga fili shi kaɗai, yana waiwayensa.

Turmin farko ya tafi yadda ungulu ta faɗa. Haɗiyau ya kai cizo, Ɗantumbi ya bi ta ƙarƙashin cikinsa. Ya kai sara da wutsiya, ya sami ƙasa. Aka busa ƙaho, ba kisa. Amma 'yan kallo ba su yi wa Ɗantumbi tafi ba, Barmo suka sa a gaba. Wani ya ce, "Wancan abin da ya rataya a kafaɗa ƙwaryar fura ce?" Wani ya ce, "Maraya ya shiga fili, ubansa na tsaye!" Babban makaɗin Tarau ya matso har gabansa ya rusuna da ba'a ya ce, "Dattijo, in hannun ya mutu ne, ara mini yaron in yi masa ko na sadaka." Barmo ya kau da kai, bai taɓa kalangu ba.

A turmi na biyu tsinin wutsiyar Haɗiyau ya kama kunnen Ɗantumbi ya tsarge shi. Jini ya zuba. Ɗan abin ya yi tangal tangal, gwiwarsa ta kusa taɓa ƙasa, ya juyo ya dubi Barmo. Har gobe Barmo zai iya rantsewa bai san lokacin da kalangu ya shiga hammatarsa ba. Hannun da ya yi rayuwarsa yana tayar da wanda ke shirin faɗuwa bai tsaya neman izini ba. Ya matse tsarkiya, ya saukar da gula, sabon take ya fito cif kamar dama yana ajiye. Ya buɗe murya:

"Ɗantumbi na Barmo, ɗan dutse jikan sa!
Wuƙa ta shiga gidanku ta fito ba ta gan ka ba!
Tashi, ba a haife ka a kwance ba!"

Tozon Ɗantumbi ya kama da wuta. Haske ya rufe shi, da ya washe sai ga bijimi matashi a tsaye, ƙahoni ja kamar ƙarfe a maƙera. Ya sunkuya ya ɗauki Haɗiyau ya yi jifa da shi, saura kaɗan ya kife. Aka busa ƙaho. Filin nan da ke zagi ɗazu ya ruɗe da sunan Barmo. Bijimin ya taho gefen fili, ya sunkuyar da kai ya goga goshinsa a ƙirjin tsohon a hankali, yana kaffa kaffa kada ƙaho ya taɓa shi. Ya san shi sarai.

Ungulu ta ce, "Ka ci sa'a ɗaya. Yanzu Haɗiyau ba zai iya kayar da shi ba ko ya shekara. Ajiye kalangun nan, ɗan Adam. Turmi ɗaya ya rage."

Nan ne wurin da nake jin haushin Barmo, kuma nan ne nake jin tausayinsa. Ba tsoro ne ya kama shi a turmi na uku ba, don ba abin tsoro. Daɗi ne. Tun da yake kiɗa bai taɓa samun wanda ya amsa take irin haka ba, kowane bugu na shiga jikin yaron nasa kamar ruwa a busasshiyar ƙasa. Makaɗan Tarau sun yi shiru suna kallon hannunsa. Ga Haɗiyau na ja da baya, kisa na kusa, kiɗa ɗaya ya rage. Kuma a duk rayuwarsa ba a taɓa koya masa yadda makaɗi ke tsayawa ya jira canjaras ba. Ya ce a ransa, ɗan kaɗan zan taɓa, ba zan kira suna ba. Ya taɓa kaɗan. Fili ya amsa. Ya ƙara. Sai ya ji bakinsa na cewa:

"Na Barmo, ƙasa ta yi maka kaɗan!
Wuce su, wuce ni, wuce kowa!"

Ƙasa ta girgiza har tandunan ganuwa suka yi ta zubowa. Wannan karon hasken ya daɗe, kuma abin da ya fito daga cikinsa ya kai tsayin rimi. Fatarsa ta zama dutse, tozonsa tudu mai aman wuta, idanunsa fari fat ba ɗigon baƙi. Ya ɗaga kofato ɗaya ya ɗora wa Haɗiyau, aka ji ƙas, shi ke nan. Aljanu suka tarwatse suna ihu.

Tarau ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannuwansa huɗu don murna. Ya ce, "Girgizau! Kakannina sun mutu ba su gan shi ba. Ya kai ɗan Adam, ka yi kisa, shari'a ta ba ka. Naka ne, kira shi ku tafi."

Barmo ya shiga fili yana ɗingishi. Ya ɗaga kai ya ce, "Ɗantumbi." Ya sake da ƙarfi. Ya kira shi da muryar da yake kiransa da safe. Dabbar na kallon sama da kansa, tana huci, tana neman wanda za ta kara da shi. Ta ɗaga ƙafa za ta wuce, ba don ungulu ta fizge shi ba da ta bi ta kansa, kuma ba da mugunta ba, ba ta ma san akwai mutum a wurin ba.

Tarau ya ce, "Ka gani. In ka kai shi garinku, kafin la'asar babu gari. Ba ni shi da bakinka, ina da tandun da zai ɗauke shi. Zan cika maka kalangunka da zinariya, in sa a kai ka gida a kan iska."

Barmo ya tuna duhun nan da ba a miƙe ƙafa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na cuce shi sau ɗaya yau. Ya isa." Ya juya wajen ungulu ya ce, "Ina ƙasar sarkin nan ta ƙare?"

Ta ce, "Bayan duwatsun gabas. Mafarautansa ba sa ƙetarawa. Amma me zai sa ya bi ka?"

Barmo ya gyara kalangu ya buga taken. Girgizau ya juyo. Ba Barmo ya sani ba, kiɗan ya sani, kuma a wurinsa kiɗan na nufin akwai abokin faɗa a gaba. Haka suka fita daga birnin, tsoho na gaba yana ɗingishi yana kiɗa, dutse mai rai na biye da shi, ƙasa na tsagewa a bayansu. Take mafi kyau da ya taɓa yi a duniya, ya yi ta buga shi yana kuka, har fatar hannunsa ta sale, har ya tsani kowane bugu a cikinsa.

Bayan duwatsun suka iske wata ƙasa shimfiɗaɗɗiya ba iyaka, can nesa wasu manyan abubuwa na motsi a cikin hazo. Barmo ya tsayar da kiɗa. Ya tsaya a gaban dabbar, ya ba ta lokaci, ko Allah zai sa ta sunkuyo ko sau ɗaya. Ya ce, "Ni ne fa. Ka yafe mini, ni na yi maka." Girgizau ya shaƙi iska, ya hango masu motsin nan, ya yi ruri ya nufe su. Barmo ya tsaya yana kallo har wutar tozon ta zama ɗan ɗigo ta ɓace. Bai waiwayo ba.

Ungulu ta raka shi har bakin ƙaho. Ya fito bayan kwata da hantsi, ya iske ana fiɗa. Mahauta suka yi ca a kansa, ina ya shiga, me ya sami ƙafarsa, ya aka yi ya rame haka. Sarkin Fawa Arzika ya goge wuƙa a gefen wando, ya leƙa kafaɗarsa ta dama, ya leƙa ta hagu.

Ya ce, "To, ina mutumin naka?"

Barmo ya shafa kafaɗarsa. Sannan ya ce, "Ya girma."

Arzika ya washe baki ya ce, "Kai madalla! Ai abin da ake fata ke nan. Allah ya sa ya tuna da kai."

Mahauta suka ce amin, suka koma kan namansu.